Zuwa Zanzibar da Ƙananan Yara: Shawarwari Ga Iyalin da Bai Saba da Teku Ba

Cikin 'yan shekarun nan Zanzibar ta shiga bakin mutanenmu. Da farko ango da amarya ne ke zuwa, sai 'yan kasuwa masu neman inda za su sarara, yanzu kuma iyalai sun fara kwasar yara. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Rukunin tsibirai ne a Tekun Indiya, a gaɓar Tanzaniya, mafi yawan mutanensa Musulmi ne, ana jin kiran salla, nama ba ya sa mutum waswasi, mace mai hijabi kuma ba abin kallo ba ce. Sai dai hotunan farin rairayi da shuɗin ruwa da ke jan hankali, babu wanda aka ɗauka da ɗan shekara biyu yana tsala kuka a kafaɗar uwarsa. A ganina ma'aunin irin wannan tafiya ɗaya ne: ƙarfin autan da ke cikin ayarin. Abin da zai iya ɗauka shi ne abin da kowa zai yi. Ga kuma abu biyu da yaranmu ba su sani ba, teku da zafi mai laima, kuma yawancin abin da ke ƙasa a kansu yake.

1. Ku fara da wata, kafin otal

Zanzibar tana da damina biyu. Babbar tana sauka daga Maris zuwa Mayu, kuma ruwa ne na gaske, wanda kan wuni yana zuba har wasu masaukai su rufe. Ƙaramar tana zuwa wajen Nuwamba, ta ɗan taɓa Disamba. Daga Yuni zuwa Oktoba gari ya bushe, iska na kaɗawa, zafin bai kai ya hana yaro barci ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa rana ta fi ƙarfi.

Ku ɗora wannan a kan hutun makaranta. Hutun Afrilu ya faɗa tsakiyar babbar damina, don haka arahar da za ku gani a lokacin tana da dalili. Hutun Disamba lokacin cunkoso ne, Turawa sun gudo daga sanyi, kuɗin ɗaki ya hau. Dogon hutun ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba shi ya dace da mu, domin lokacin da ruwa ke zuba a gida, can rani ne mai sauƙi. Shi ma ba ya rasa baƙi, saboda haka a kama ɗaki da wuri. In tafiyar ta faɗo cikin azumi, ku sani gidajen abinci da yawa a cikin gari ba sa buɗewa da rana, sai ku yi wa yara tanadi.

2. Takardu su ne ke cin lokaci

Kowane yaro yana buƙatar fasfo nasa, ko da jiya aka yi sunansa. A duba na manya ma, kada ya rage ƙasa da wata shida kafin ya ƙare. 'Yan Nijeriya da 'yan Nijar suna cikin waɗanda Tanzaniya ba ta ba biza a filin jirgi. Sai an nema ta intanet an jira amincewar hukumar shige da fice ta ƙasar, kuma jiran na iya ɗaukar makonni. Kada a biya kuɗin otal da ba a mayarwa kafin bizar ta fito.

Sai katin rigakafin cutar shawara, wato katin nan ruwan ɗorawa. Mu daga ƙasashen da cutar take muka fito, don haka za a tambaye shi. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10 da yin ta, amma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce guda ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. A jadawalin rigakafin yara ana yin ta ne a wata tara. Katin asibitin unguwa dai ba shi ake nunawa a iyaka ba, sai an karɓi na tafiya daga jami'an lafiya na filin jirgi.

Akwai wani abu kuma. Daga Oktoban 2024 Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya daga kamfanin inshorar gwamnatinta, dala 44 ga babba, ko da kuwa mutum yana da wata inshorar. A saya ta intanet tun a gida, a buga takardar.

Idan uwa ce za ta tafi da yara ba tare da maigida ba, ko akwai ɗan riƙo a cikin ayarin, a riƙe takardar haihuwa da takardar amincewar iyaye mai sa hannu. Wataƙila babu wanda zai tambaya. Ranar da aka tambaya kuwa, bayanin baki ba ya wucewa.

3. A ga likita wata guda kafin tashi

A kai masa katin rigakafin kowane yaro ya duba ko akwai abin da aka tsallake, musamman ƙyanda. A tambaye shi batun zazzaɓin cizon sauro. Zanzibar ta rage shi ƙwarai, amma bai ƙare ba, kuma akwai sauron rana mai ɗauke da zazzaɓin dengi.

Gidan da ke da yaro mai sikila, wannan mataki ba na tsallakewa ba ne. Doguwar tafiya a jirgi, ƙishirwa, gajiya, da daɗewa cikin ruwa har jiki ya ɗauki sanyi, duk suna iya tayar da ciwon. Likitan da ya san yaron shi zai faɗi abin da za a ɗauka da abin da za a guje wa.

Jakar magani kuma ta kasance a hannu, ba cikin akwatin da aka auna ba: farasitamol na yara, ma'aunin zafin jiki, ƙunshin gishiri da sukari na gudawa, ƙwayar zink, filasta, maganin wanke ciwo, man korar sauro, da duk maganin da yaro ke sha kullum, a cikin kwalinsa na asali.

4. Ku san gefen tsibirin da za ku sauka

Nan ne mutane suka fi yin kuskure, don a hoto ko'ina iri ɗaya ne. Teku yana cika ya janye sau biyu a kowace rana, kuma lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50 kullum. A gabashin Unguja, babban tsibirin, wato su Paje da Jambiani da Matemwe, in ruwa ya janye yakan yi nisan da sai dai a hango shi. Mutum ya biya kuɗin ɗaki a bakin teku, ya fito da hantsi ya tarar da fili. A arewa, Nungwi da Kendwa, ruwan ba ya guduwa haka, ana iya shiga kusan kowane lokaci.

Da jin wannan sai a ce arewa ta fi. Ga babba mai son iyo, haka ne. Ga mai ƙananan yara ban yarda kai tsaye ba. Inda ruwa ba ya janyewa, zurfi yana kusa da gaɓa. A gabas kuwa, janyewar tana barin 'yan kududdufai masu ɗumi da ba su wuce idon sawu ba, cike da ƙananan kifaye da kaguwa, ga matan ƙauye suna aikin gonakin ciyawar teku da suke shukawa a jikin igiya. Yaro ɗan shekara huɗu zai iya share awa guda a tsugune a wurin. Sharaɗi biyu ne. Na ɗaya, takalmin roba mai rufe ƙafa, domin akwai wata baƙar halitta mai dogayen ƙayoyi da ke ɓuya a tsakanin duwatsu, ƙayarta kuma karyewa take a cikin tafin ƙafa. Na biyu, a san lokacin dawowar ruwa. A shimfiɗaɗɗen wuri irin wannan yana dawowa da sauri fiye da tafiyar mai goyo. A tambayi lokacin cika da janyewa a otal kowace safiya.

Nungwi da Kendwa sun fi kiɗa da hayaniyar dare, Paje ta fi iska da masu wasan lilo a kan ruwa, Jambiani ta fi shiru. Daga filin jirgin Abeid Amani Karume zuwa kowannensu tafiyar mota ce ta awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi.

5. Tambayoyin da za a yi wa masauki

Kada a tsaya ga hotuna, a aika saƙo a tambaya. Akwai gidan sauro a kowane gado? Akwai gadon jariri? Ɗakin a ƙasa yake ko a bene, in a bene ne yaya shingen barandar yake? Akwai firji da butar dafa ruwa? Wurin ninƙaya a killace yake ko yaro zai iya fita daga ɗaki ya faɗa ciki? Ina asibiti mafi kusa, kuma akwai mota da dare? Wasu otal-otal na bakin teku ba sa karɓar yara sam, sai an karanta ƙasan shafin ake gani.

Iyali mai yara uku ko huɗu, gida mai kicin ya fi musu ɗakunan otal biyu. Uwargida za ta dama kunu da asuba ba tare da jiran kowa ba.

6. Jirgi

Hanyar da aka fi bi ita ce ta Addis Ababa da jirgin Habasha, ko ta Nairobi. Ko ta ina aka bi, akwai sauyin jirgi. A zaɓi tikitin da jiransa bai yi gajartar da sai an yi gudu da yara ba, bai kuma kai na kwana a kan kujera ba. Addis Ababa a kan tudu take, sama da mita 2,300, dare da asubarta akwai sanyi, don haka rigar sanyi ɗaya ga kowane yaro ta shiga jakar hannu duk da cewa ƙasar zafi aka nufa.

Yaron da bai kai shekara biyu ba a cinya yake zama, kuɗinsa kaɗan ne. Lokacin tashi da sauka kunne yakan toshe ya yi zafi, maganinsa haɗiya: a ba jariri nono, a ba babba ruwa ko abin tsotsa. Madara da abincin jariri ana barin su wuce wurin bincike ko sun fi mililita 100, sai dai a fito da su a nuna. A sa kayan canji na yaro, da na uwar ma, domin amai ba ya zaɓen wanda zai sauka a kansa. Agogon can yana gaba da na Nijeriya da Nijar da awa biyu, bambancin da yara ke sabawa da shi cikin kwana ɗaya ko biyu. Kada a naɗe kaya a leda, Tanzaniya ta haramta jakar leda tun 2019.

7. Ruwa

In za a manta da komai, kada a manta da wannan. Yawancinmu ba mu iya iyo ba. Ba abin kunya ba ne, ba mu tashi da teku ba. Amma yana nufin in yaro ya shiga inda ya fi ƙarfinsa, uban da ya bi shi ya zama mutum na biyu da ke neman ceto.

Yaro ba ya ihu in yana nutsewa. Ba ya ɗaga hannu, ba ya fantsama ruwa kamar yadda ake nunawa a fim. Shiru yake yi ya tafi ƙasa, cikin lokacin da bai wuce na amsa saƙon waya ba, kuma ruwan da bai kai gwiwa ba ya isa. Mafi haɗari shi ne lokacin da manya suke da yawa, domin kowa yana zaton wani ne ke kallo. Saboda haka a riƙa damƙa amanar da suna. A ce, "Baban Amira, yara suna hannunka har a kira la'asar," shi kuma ya amsa, ya ajiye waya. In zai tashi ya miƙa wa wani, shi ma da suna. Yaro ƙasa da shekara biyar ya kasance inda hannu zai kai gare shi, ba ido kaɗai ba. Kuma ba a ɗora wa yaya 'yar shekara goma wannan nauyi, ko da ita ce ke rainon ƙannenta a gida.

Balan-balan ɗin da ake hurawa a sa a damtse abin wasa ne, ba ya hana nutsewa. Abin da ke hanawa rigar ceto ce mai ɗauri, daidai jikin yaro. Masu kwale-kwale galibi na manya suke da su, waɗanda yaro zai zame ta ƙasansu, don haka wanda ya yi niyyar shiga jirgin ruwa ya sayi ta yara ya tafi da ita. Yawancin gaɓar tsibirin babu masu gadin ceto. Wurin ninƙaya na otal ma ya fi teku yaudara, don a ƙofar ɗaki yake kuma ruwansa a kwance. Da daddare a sa sakata ta sama, wadda yaro ba ya kai wa.

Uwa mai son shiga ruwa da yara ta nemi kayan wanka masu rufe jiki waɗanda aka ɗinka don haka. Doguwar riga ko zani in suka sha ruwa nauyi suke yi, su naɗe ƙafa.

8. Zafin can ba irin namu ba ne

Mutumin Sakkwato ko Maraɗi zai ji an ce digiri 30 ya yi dariya. Amma namu zafin busasshe ne, gumi na fita ya bushe ya sanyaya jiki. Na bakin teku jiƙaƙƙe ne, gumin yana zaune a fata. Abin da ke biyo baya shi ne ƙurajen zafi a wuya da hammata da matsematsi, da yaron da ke ta rigima ba a san dalili ba. Kayan auduga marasa nauyi, wanka sau biyu ko uku, a bar jariri ya sha iska ba famfas na ɗan lokaci. Goyo a baya da tsakar rana yana ƙara musu zafi, shi da uwar.

Baƙar fata tana ƙonewa, ba ta dai nunawa da wuri. Rana na dukan yaro daga sama, farin rairayi da ruwa suna mayar da ita daga ƙasa. A shafa man kare rana a fuska da kafaɗa da bayan wuya, a sake bayan an fito daga ruwa, a sa hula mai baki. Jaririn da bai kai wata shida ba inuwa ce maganinsa. Daga ƙarfe 11 zuwa 3 kowa ya koma ɗaki, a ci abinci, a yi azahar, a kwanta. Ruwan sha kuma ba a jira sai yaro ya nema, mai wasa ba ya tuna ƙishi. In fitsarinsa ya ragu ko ya yi duhu, ruwa ya yi masa kaɗan.

9. Ci da sha

Abincin ba zai ba ku wahala ba. Akwai shinkafa iri-iri, pilau da biriyani da wadda aka dafa da madarar kwakwa, akwai ugali wanda tuwon masara ne, ga kifi, ga wake, ga ayaba da gwanda da abarba. Yaji ba shi da yawa. Duk da haka ƙaramin yaro yakan yi wa baƙon abinci yajin aiki, don haka a ɗauki garin kunu da madarar da ya saba da ita, wadda za ta kai har dawowa.

Ruwan roba kawai, har wajen wanke baki da haɗa madara. A bar ƙanƙara. 'Ya'yan itace a zaɓi waɗanda za a ɓare da hannu. Kasuwar dare ta Forodhani, a bakin ruwa cikin tsohon gari, wurin zuwa ce, amma kifi da sauran kayan teku da aka jera a tebur tun yamma ba na cikin yaro ba ne. A saya masa abin da aka soya a gaban ido.

In gudawa ta kama shi, a haɗa ruwan gishiri da sukari daidai yadda aka rubuta a jikin ƙunshin, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a ci gaba da nono da abinci, a ba da zink na kwana 10 zuwa 14. Jini a bayan gida, amai ba tsayawa, ido ya faɗa, ko yaro ya yi laushi ya ƙi sha, wannan na asibiti ne nan take.

10. Fita ɗaya a rana, wata ranar ma babu

Masu shirya yawo za su kawo muku takarda cike da wurare. Ku zaɓi uku ko huɗu a mako, duk da safe.

Gonar kayan yaji ita ce ta fi burge ni ga yaranmu. Kanumfarin da suke gani a shayi da zoɓo, a nan za su ga bishiyarsa, domin shi ne arzikin tsibiran tun ƙarni na 19, zamanin sarakunan Oman. Za su ga masoro yana hawa bishiya, kirfa ɓawon itace ce, citta kuma a ƙasa ake tono ta. A inuwa ake yawon, kuma ba ya wuce awa biyu.

Dajin Jozani yana da jajayen birai da ba a samun irinsu a wani wuri sai Zanzibar, da gadar katako da ta ratsa cikin itatuwan da ke tsirowa a ruwan gishiri. Biran sun saba da mutane, shi ya sa sai an riƙe hannun yaro, kada ya taɓa su ko ya miƙa musu abinci. Tsibirin Changuu, wanda aka fi sani da tsibirin kurkuku, yana da manyan kunkuru da aka kawo daga Seychelles a 1919, wasu sun haura shekara ɗari. Tafiyar kusan rabin awa ce a ƙaramin jirgin ruwa, wato ranar rigar ceto ke nan.

Tsohon gari, Stone Town, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, ya fi daɗi ga manya: ƙofofi masu sassaƙa, masallatai, kasuwar Darajani, da wurin tsohuwar kasuwar bayi. Lungunansa matsattsu ne, babura na kutsowa ba sallama, keken tura jariri ba ya moruwa. Awa biyu bayan la'asar sun isa. Yawon bin kifin dolfin a Kizimkazi da yawon kwale-kwale na wuni guda, a bar su sai yara sun girma.

11. Mota, kuɗi da agogo

Motocin haya da ake kira daladala suna da araha amma a cushe suke, ba na mai goyo da jaka ba ne. A nemi direba ta hannun masauki, a yi ciniki kafin a shiga, a nemi kujerar yara tun kafin a iso. Kuɗin ƙasar shilin ne, a canza isasshe a gari, domin na'urar cire kuɗi ba ta da yawa a ƙauyukan gaɓa. Tsofaffin takardun dala da masu yagewa ana ƙin karɓarsu. A ware wani abu da ba za a taɓa ba, don asibiti ko sauya tikiti.

Masu magana da Swahili suna fara ƙirga awa daga wayewar gari, don haka ƙarfe ɗayansu na safe shi ne ƙarfe bakwai namu. In za a yi alƙawari da direba, a nuna masa lokacin a fuskar waya.

12. Bayan an dawo

A bar kwana biyu tsakanin sauka da komawa makaranta. Duk yaron da ya yi zazzaɓi cikin makonnin da suka biyo baya a kai shi gwaji kafin a ba shi magani, kuma a gaya wa likita inda aka je da ranar da aka dawo.